Jadawalin ma'aikata da lissafin awoyi: wace manhaja ta dace da ƙaramin kasuwanci a Kumasi?

Rigimar ƙarshen wata a ƙananan wuraren aiki kusan iri ɗaya ce, ko a Adum ko a Aboabo. Maigida ya buɗe littafin sa hannu, yaron shago ya ce ranar Asabar sai tara na dare ya tashi, littafi kuma bai nuna haka ba. Ko kuwa littafin ya nuna kowa ya iso ƙarfe bakwai cif kwana ashirin da shida a jere, da biro ɗaya da hannu ɗaya. Daga nan ake fara neman manhaja, kuma a nan ake yin kuskuren farko: a shiga Play Store, a sauke wadda ta fi taurari, bayan mako biyu a koma kan littafi.

Abin da ke jawo haka shi ne ana haɗa tambayoyi uku a mayar da su ɗaya. Wa ya kamata ya zo gobe, kuma ƙarfe nawa? Wannan jadawali ne. Wa ya zo da gaske, yaushe ya shiga, yaushe ya tashi? Wannan halarta ce. Awoyin da aka yi, a kan aikin wa suka tafi? Wannan kuma lissafin lokacin aiki ne, na masu cajin abokin ciniki da awa ko masu son sanin wane aiki ke cin riba. Kowace manhaja tana da wadda ta ƙware a kai, sauran biyun ƙari ne aka liƙa mata. Mai sayar da wake da shinkafa a Asawase, mai canjin safe da na yamma, jadawali ne ciwon kansa. Mai garejin Suame Magazine halarta yake nema. Ofishin zane da buga takardu a Adum na uku yake buƙata. Kafin a kalli sunan kowace manhaja, a amsa wannan: a ina ma'aikaci yake tsaye lokacin da zai sa hannu, kuma da wayar wa?

In kowa ƙofa ɗaya yake shiga

Shago, kantin magani, gidan burodi, ɗakin ɗinki, makaranta mai zaman kanta. A irin waɗannan wurare, barin kowa ya sa hannu da wayarsa wahala ce kawai. Wani ƙaramar waya mai maɓalli gare shi, wadda ake ce wa yam, wani datarsa ta ƙare, wani kuma tun daga cikin trotro, motar haya, zai danna cewa ya iso. Na'ura ɗaya a bakin ƙofa ita ce magani, kuma iri biyu ce: injin yatsa da ake kafewa a bango, ko waya ɗaya ta kamfani da aka ɗora wa manhaja, kowa ya zo ya sa lambarsa ko ya nuna fuskarsa.

Injin yatsa da ya fi yawa a kasuwa na ZKTeco ne, kamfanin ƙasar Sin. Samfurin K40 yana ɗaukar yatsu wajen dubu, yana da batir a cikinsa, saboda haka dumsor, wato ɗaukewar wuta, na ɗan lokaci ba ya kashe shi, kuma ana kwashe rahoto da filas a buɗe a Excel. Sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, da sidi, kuɗin Ghana, ba ya neman intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma yatsa yake karantawa, kuma ba kowane yatsa ke karantuwa ba. Bakanike mai baƙin mai a hannu, magini da siminti ya cinye masa zanen yatsa, mai wanke-wanke da hannunta ya yini cikin ruwa, duk injin zai yi ta cewa a sake. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, fata ta bushe, matsalar ta ƙaru har ga masu aikin ofis. Dabarar ita ce a yi wa kowa rajistar yatsu uku daga hannu biyu, a ajiye tsumma kusa da injin, wanda kuma yatsansa ya ƙi ƙememe a ba shi kati ko lambar sirri.

Abubuwa biyu ake mantawa ranar kafa shi. Na ɗaya, in ba a yi rajistar mai kula ba, duk wanda ya danna maɓallin saiti zai shiga ya mayar da agogo baya, ya sa hannu, ya gyara. Na biyu, agogon injin yana zamewa a hankali, don haka a gwada shi da na waya duk Litinin. Sannan a sani cewa injin ba ya faɗa wa maigida komai yana nesa, sai an haɗa shi da kwamfuta ta igiyar sadarwa, ko an je da filas. Mai shago ɗaya wanda kullum yana wurin, wannan bai dame shi ba. Mai reshe a Kejetia da wani a Tafo kuwa zai gaji da yawo da filas.

A nan waya ɗaya a bakin ƙofa ta fi. Jibble ita ce ta fi ƙarfi a wannan fanni cikin masu tsarin kyauta: ma'aikaci ya tsaya gaban waya, ta ɗauki fuskarsa ta gwada da wadda aka ajiye, lokacin ya hau, maigida ya gani a tasa wayar ko yana Accra. In intanet ta yanke tana riƙe bayanin har ta dawo. Clockify ma tana da irin wannan tsari na bakin ƙofa, da lambar sirri. Sai dai lambar sirri kaɗai ba ta hana aboki sa wa abokinsa hannu, lamba huɗu ce, ana faɗa ta waya. In matsalar wurin ke nan, fuska ko yatsa ne mafita. Fuska kuma tana son haske. Gidan burodi da ake shiga ƙarfe huɗu na asuba, a sa ƙwan lantarki mai caji saman wayar, kuma kada a kafa ta inda hasken ƙofa zai bugo daga bayan mutum, don fuskar baƙi ƙirin za ta fito. Mace mai niƙabi a ba ta lambar sirri tun farko, ba sai an kai ga jayayya a gaban mutane ba.

Wayar ƙofa ba sai sabuwa ba. Android mai kyamarar gaba mai kyau, layinta daban da datar wata, caja a jone, ƙaramin batirin ajiya, da akwatin ƙarfe ko katako da aka ɗaure ta ciki. A kulle allon a kan manhajar kaɗai, Android na da wannan saitin na liƙe manhaja ɗaya, in ba haka ba datar wata za ta ƙare a TikTok cikin kwana uku.

Masu aiki a waje

Masu kai kaya a babur ko aboboyaa mai ƙafa uku, masu saka sola da dish, masu gadi a gidaje daban-daban, leburorin gini a Ejisu yau, gobe Sofoline. Ba su da ƙofa ɗaya, dole wayar kowa ta shigo. Manhaja tana duba GPS lokacin sa hannu, wasu kuma suna barin a zana da'ira a taswira, in mutum ba ya cikinta ba zai iya sa hannu ba. Jibble da Connecteam duk suna yin wannan. Clockify ma tana bin wuri, amma a tsarin biya. Bambancin Connecteam shi ne ba ta tsaya kan agogo ba: akwai rabon aiki, hira tsakanin ma'aikata, da fom da ake cikewa a wurin aiki tare da hoto. Mai saka sola zai ɗauki hoton batir da lambarsa, abokin ciniki ya sa hannu a allo, duk a wuri ɗaya. Tsarinta na kyauta ya tsaya a mutum goma. Wanda ke da takwas yana shirin ɗaukar wasu huɗu kafin Sallah, ya yi lissafin kuɗin tun yanzu.

GPS a fili, sama a buɗe, kuskurensa 'yan mitoci ne. A ƙarƙashin rufin sabuwar kasuwar Kejetia ko cikin lungunan Alabar kuwa yakan yi tsalle ya ajiye mutum a wani titi. Wanda ya zana da'irar mita ashirin zai sha kira da sassafe: "Maigida, ga ni a shago, ta ce ba na nan." A fara da mita ɗari zuwa ɗari da hamsin, a duba inda alamun sa hannu ke faɗawa mako guda, sannan a rage. Kuma da farko a sa manhajar ta yi alama kawai in mutum yana wajen da'ira, kada ta hana shi.

Matsala ta biyu daga wayoyin take. Tecno, Itel da Infinix, waɗanda su ne a hannun yawancin ma'aikata, suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. Sai taswira ta nuna mai babur ya tsaya cak a Asafo awa uku, alhali yana ta zirga-zirga. Kafin a zargi kowa, a shiga saitin batir na wayarsa, a cire manhajar daga jerin waɗanda ake taƙaitawa, a ba ta izinin wuri. A ganinmu ma bin sawun mutum yini guda bai cika biyan wahalarsa ba: yana shan batir, yana cin data, kuma yana ɓata zuciya. Sanin inda mutum yake lokacin shiga da lokacin tashi ya wadatar a mafi yawan sana'o'i. Tunda wayarsa da datarsa ake amfani da su, a ware masa kuɗin data a wata, a rubuta cikin yarjejeniya.

Hubstaff tana wuce nan, tana ɗaukar hoton allon kwamfuta lokaci-lokaci, tana auna motsin madannai da linzami. An yi ta ne don masu aiki daga nesa a kwamfuta, kuma ta biya ce. Ga mutum shida da ke zaune ɗaki ɗaya da maigidansu, asarar kuɗi ce.

Inda jadawali ne matsalar

Gidan abinci, kantin magani mai kwana a buɗe, gidan mai, ƙaramin asibiti, kamfanin gadi. A nan wahalar tana zuwa tun kafin ranar aiki: wa zai yi safe, wa zai yi dare, wa ya nemi hutu don suna, wa ya yi musaya da wa ba a faɗa wa kowa ba. Manhajojin halarta irin su Jibble suna barin a rubuta awoyin da mutum ya saba yi, amma ba su kai waɗanda aka gina domin canjin aiki ba.

Sling tana ba da tsara jadawali kyauta, agogon sa hannu kuma sai an biya. When I Work, ta Amurka, da Deputy, ta Ostireliya, su ne suka fi gogewa: a ja suna a ajiye a gurbi, a kwafi makon jiya zuwa na gobe, ma'aikaci ya nemi musaya a wayarsa, manaja ya amince, jadawali ya gyaru da kansa. Duka biyun da kan mutum ake biya duk wata. Connecteam tana da jadawali da agogo a haɗe, kuma ga 'yan ƙasa da goma ita ce ta fi sauƙin farawa. Homebase za a ga ana yabonta ko'ina a intanet, amma domin kasuwancin Amurka aka gina ta, sashen albashinta harajin can yake bi, saboda haka rabin abin da ake yabo ba zai yi aiki a Kumasi ba. Ofishin da ya riga yana biyan Microsoft 365 na kasuwanci ya duba Shifts, sashen jadawali da ke cikin Teams, kafin ya sayi wani abu.

Gaskiya ɗaya da masu talla ba sa faɗa: jadawalin da ke cikin manhaja ba ya aiki sai ma'aikata suna buɗe ta. In rabinsu WhatsApp kaɗai suke dubawa, to a tsara a manhaja, a ɗauki hoton jadawalin a tura rukuni ranar Alhamis da yamma, a manna kwafi a bango. Sharaɗi ɗaya kawai za a riƙe da ƙarfi, duk musayar da ba ta shiga manhaja ba, ba a yi ta ba.

A tanadi samfurin jadawali biyu tun farko, na kullum da na azumi. Magariba a Kumasi tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, don haka canjin da ke ƙarewa ƙarfe bakwai yana bukatar a matso da shi ko a sa hutun buɗe-baki a ciki. Ranar Juma'a ma a sa hutun masallaci a jadawali da sunansa, kuma a raba wanda zai tsare shago. Wurin da Musulmi da Kirista ke aiki tare yana da sauƙi a nan: wannan ya riƙe Juma'a da rana, wancan ya riƙe Lahadi da safe.

Ofis mai cajin aiki da awa

Masu zane, masu lissafin kuɗi, masu gina shafukan intanet, masu fassara. Zaɓi tsakanin Toggl Track ne da Clockify. Toggl, ta ƙasar Istoniya, maɓalli ɗaya ce: a rubuta sunan aiki, a danna, agogo ya fara. Kyauta ce har mutum biyar, kuma kamfanin ya ƙi saka ɗaukar hoton allo ko bin sawu da gangan, shi ya sa ma'aikata ba sa ƙyamarta. Clockify ta fi ta tarkace: takardar awoyi ta mako, wayar bakin ƙofa, neman hutu da amincewar manaja a tsarin biya. Mutum huɗu masu son sanin awa nawa aikin wani abokin ciniki ya ci, Toggl ta ishe su. Ofishin da ke girma, mai son halarta da lissafin aiki a wuri ɗaya, Clockify. Ciwon duka biyun ɗaya ne, a manta agogo yana tafiya har gari ya waye. A kunna tunatarwa, kuma kowa ya duba awoyinsa kafin ya tashi, don ranar Juma'a babu mai tuna abin da ya yi ranar Talata.

Google Sheets bai mutu ba

Ga mutum uku zuwa biyar da maigida ke gani da idonsa, takardar lissafi ta wadatar. Layi ɗaya ga kowace rana: suna, shiga, fita, jimla. Inda ake tuntuɓe shi ne aikin dare. Mai gadi ya shiga shida na yamma ya fita shida na safe, in aka debe kai tsaye lissafi zai fito da ragi. A rubuta =MOD(C2-B2,1)*24, in shiga tana B fita tana C, zai ba da 12, amma gurbin ya kasance na lamba, ba na lokaci ba. In kuma ana tara lokaci a siffar awa da minti, a sa tsarin [h]:mm, in ba haka ba jimla tana kai 24 za ta koma sifili, awa 45 ta fito 21. Wanda yake son lokaci ya hau da kansa ya haɗa da Google Forms, kowane fom da aka tura yana zuwa da sa'arsa. Rauninsa a fili yake: ba ya sanin inda mai turawa yake.

Kuɗi

Duk waɗannan kamfanonin waje da dala ko wani kuɗin ƙetare suke caji, ta katin Visa ko Mastercard da banki ya buɗe wa sayayyar intanet. MoMo, wato kuɗin asusun waya, kai tsaye ba ya shiga. Farashin da ke kama da ƙarami yana ninkuwa da yawan mutane: a ce dala 4 ne kan kowane mutum, mutum 12 dala 48 ke nan a wata, 576 a shekara, ban da abin da banki zai ɗora na canji. Wanda ya ga yadda sidi ya faɗi a 2022 ya san kasafin da aka yi da dala ba ya zama wuri ɗaya. Connecteam tata hanyar daban ce, kuɗi ɗaya ga mutum talatin na farko, amma ta kasa kayanta kashi uku, kowane kashi da kuɗinsa, don haka a tabbatar agogo da jadawali suna cikin kashin da aka saya.

Farashin da ake nunawa da manyan haruffa galibi na mai biyan shekara ne gaba ɗaya, na wata-wata ya fi tsada. Kada a biya shekara sai an yi wata uku ana amfani. Wanda ya bar aiki a cire shi daga jerin masu aiki a ranar, a kuma rage yawan kujerun da ake biya, don wasu manhajojin suna ci gaba da cajin gurbin ko babu kowa a kai. Iyakar tsarin kyauta kuwa kamfanoni suna sauya ta, a karanta shafin farashi a ranar da za a yanke shawara.

Saitin da ke ɓata lissafi

Nan ne aka fi yin asara, kuma duk manhajar da aka zaɓa abin ya shafe ta. Agogon Ghana GMT ne duk shekara. Wanda ya zaɓi Landan a saitin yankin lokaci zai ga daidai a Janairu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kowa zai zama ya makara da awa ɗaya. Wanda ya zaɓi Legas ko Afirka ta Yamma ta Tsakiya kullum yana gaba da awa guda. Accra za a nema a jerin. Tsarin kwanan wata ma a mayar da shi rana kafin wata, in ba haka ba 03/04 zai zama huɗu ga Maris maimakon uku ga Afrilu lokacin da aka kwashe zuwa Excel.

Sai hutun tsakiyar aiki. Dokar ƙwadago ta Ghana, Act 651 ta 2003, ta ce in aiki a jere yake, ma'aikaci yana da hutun aƙalla minti talatin kuma yana cikin awoyin aiki. In an raba yinin gida biyu ne, hutun ba zai gaza awa ɗaya ba, shi kuma ba a lissafa shi. Manhajoji da yawa suna da saitin cire hutu kai tsaye a matsayin wanda ba a biya. In aka bar shi a kunne a wurin da aiki a jere yake, minti talatin sau kwana 22 awa 11 ke nan da aka zaftare wa kowane mutum a wata ba tare da kowa ya lura ba.

Dokar ta sa awa takwas a yini ko arba'in a mako a matsayin iyakar aikin yau da kullum, hutun aƙalla awa 12 tsakanin yinin aiki da na gaba, awa 48 a jere duk mako, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15. Wanda ya rufe gidan abinci goma na dare ba shi ne zai buɗe shida na safe ba, kuma manhajar jadawali mai kyau tana iya yin gargaɗi in an saka mata wannan iyaka. Kuɗin ƙarin lokaci kuwa dokar ba ta yanka adadi ba, cewa ta yi wurin aiki ya kasance yana da tsayayyen farashinsa kafin ya sa mutum ya yi. Ninki ɗaya da rabi da ake tararwa a cikin manhaja al'adar Amurka ce. A rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, a saka shi da hannu. Haka ranakun hutun ƙasa, ƙaramar Sallah da babba, 6 ga Maris, ranar manoma a Juma'ar farko ta Disamba, a duba ko suna ciki. Na Sallah sai an jira sanarwar gwamnati kowace shekara.

Akwai kuma zagaye lokaci. In an sa minti goma sha biyar zuwa mafi kusa, 7:07 zai koma 7:00, 7:08 ya koma 7:15, yau a ci gobe a rasa, abin ya daidaita. In kuwa aka sa shiga ta haura sama fita ta sauko ƙasa, mutum zai iya rasa kusan rabin awa a yini. Gara a bar minti yadda yake, a ba da rangwamen minti goma na cunkoson hanya. Masu shirin amfani da rahoton makara su yanka tara su sani cewa dokar ta hana maigida ɗora wa ma'aikaci tarar kuɗi, kuma ta iyakance abin da ake iya cirewa daga albashi. Rahoton hujja ce ta gargaɗi a rubuce.

Babu ɗaya cikin manhajojin nan da za a dogara da ita wajen SSNIT, asusun fanshon ma'aikata, da harajin GRA, hukumar haraji ta Ghana. Aikinsu ya ƙare a jimlar awoyi. Daga nan a kwashe zuwa Excel a yi sauran: na SSNIT kashi 5.5 cikin ɗari ne daga ma'aikaci, kashi 13 daga maigida, a kan ainihin albashi. Mai albashin sidi 1,500 za a cire masa 82.50, maigida ya ƙara 195. Shi ya sa dole rahoton ya raba awoyin yau da kullum da na ƙarin lokaci a gurbi daban-daban. Manhajar da ke cakuɗa su, ko wadda PDF kaɗai take bayarwa a tsarin kyauta, za ta mayar da mai lissafi kan kwafa da hannu.

Fuska, yatsa da wurin da mutum yake bayanan sirrinsa ne, kuma dokar kare bayanai ta Ghana, Act 843 ta 2012, ta kare su. A rubuta takarda shafi ɗaya: abin da ake ɗauka, dalili, wa ke gani, da lokacin da za a goge. A karanta wa wanda ba ya karatu da Hausa ko Twi, kowa ya sa hannu. Wanda ya bar aiki a goge yatsansa daga injin.

Gwajin mako biyu

A zaɓi biyu kawai, kada a wuce. A fara da mutum uku, cikinsu har da wanda ya fi kowa tsohuwar waya da wanda Turanci ya fi ba wahala, tunda allon da Turanci yake. In shi ya iya sa hannu ba tare da an riƙe masa waya ba, sauran za su iya. Ranar farko a ga yadda gayyata ke isa: ta imel ce, wanda da yawa ba sa tuna kalmar sirrinsa, ko ta saƙo zuwa lambar +233, kuma minti nawa saƙon ke ɗauka. A tambaya ko ana iya saka mutum da suna kawai, ba imel ba waya, domin na'urar ƙofa.

Rana ta biyu a kashe data da gangan, a sa hannu, a jira awa ɗaya, a kunna. Lokacin da ya hau, na sa'ar da aka danna ne ko na sa'ar da intanet ta dawo? Rana ta uku wani ya bar sa hannun fita da gangan, a ga yadda ake gyarawa, kuma ko gyaran yana barin sunan wanda ya yi shi. Manhajar da manaja zai sauya lokaci ba tare da alama ba, ba ta fi littafi ba. A gwada aikin dare ɗaya da ya tsallake sha biyu, a ga ko ya rabu gida biyu ko ya zauna a ranar da aka fara. Duk tsawon makonni biyun littafi yana nan ana cikewa, a ƙarshe a ajiye jimlar biyun gefe da gefe, a bi duk inda suka saɓa har a gano dalili.

Bayan an tsayar da ɗaya, ranar ɗaya ga kowane wata a kwashe rahoton watan jiya zuwa Excel, a ajiye kwafi a Google Drive da wani a filas, a buga takardar kowane mutum ya duba ya sa hannu kafin a tura albashi. Asusun mai kula kuma a buɗe shi da imel na kasuwancin, ba na manaja ko ɗan maigida ba, lambar da ake karɓar saƙon tabbatarwa ta kasance layin da ke hannun mai wurin.